Mei na Wuta da Mei na Ruwa

Gayu, sakamako ya fito. Kwas ɗin nan na zaftarewar ƙasa da ya hana ni sakat, an wuce wajen, sai godiya. To tunda yau raina fes yake, kuma jirgin nan da sauran tasha wajen goma kafin ya sauke ni makaranta, bari in ba Nura amsarsa. Ranar Juma'a da muka fito daga masallacin Huaisheng muna cin taliya, ya ce wai shi bai ga abin karatu a kwal ba, ai gawayi ne da Allah ya riga ya ƙona, shebur kawai za ka sa ka kwasa. Abba kuma ya ɗora da cewa kawunsa na so in raka shi masana'anta ya sayi injin huda ya tura gida a kwantena, wai akwai ramin da kamfani ya tashi ya bari a garinsu, kwal na leƙe a jikin katanga kowa na gani. Na yi dariya kawai na ci gaba da jan taliyata. Yanzu ku ji. Shekara huɗu na yi a gindin irin wannan katangar kafin in zo nan China in zama ɗan makaranta mai gemu, kuma a shekara ta uku kunnena ya kusa cin aikin wani dattijo da bai yi laifin komai ba, Baba Isa, direban injinmu.

Ni fa ba ɗan rami ba ne tun asali. A Kwari na taso, shagon wani ɗan China mai leshi da shadda. Sinancina na lokacin bai wuce nihao, sheshe, nawa ne, ya yi tsada ba. Sai meiyo. Wannan meiyo ɗin ita ce rabin iliminmu, kun san ta ai, a rana sai ka ji ta sau hamsin. Kalar nan meiyo, ragi meiyo, wuta meiyo. Har ta kai in laoban, wato maigida, ya buɗe baki da “mei”, ni na riga na juya na ce wa kwastoma babu. Ana nan sai wani ɗan garinsu ya samu kwangila a wani ramin kwal can arewa maso gabas, ba sai na kira suna ba, yana neman tafinta. Laoban ɗina ya ce ai ga yaro nan yana jin Sinanci kamar ruwa. Ni ma ban musa ba. Bakano ne ni, ba a ce min ka iya in ce a'a.

Ranar farko da aka sauka da ni ramin, sai da wuyana ya yi ciwo don kallon sama. Ku ɗauka wani ƙaton kwano ne aka haƙa a ƙasa. Kamfanin farko ya yi ta yaye ƙasa yana kwashe kwal har ya kai iyakar filinsa. Daga nan sama gonakin mutane ne da burtalin shanu, ba halin ƙara yayewa, sai ya tattara ya tafi. Amma kwal bai san iyaka ba, ya ci gaba da tafiyarsa ƙarƙashin katanga. Kana tsaye za ka gan shi, baƙin layi da ya ɗan fi mutum tsayi, a samansa ƙasa da dutse kamar bene hawa goma. Mu aikinmu mu zaro wannan ɗin. 'Yan kala ne mu, an gama girbi mun shigo. Bambancin kawai, abin da kake kala shi ne yake ɗauke da dutsen da ke saman kanka.

Wanda ya koya min aiki wani tsoho ne ɗan arewacin China, inda aka ce a kan kwal ake yanke wa yaro cibiya. Shifu muke ce masa, wato malam. Ɗan ƙarami ne, kullum da gorar shayi mai ganye a hannu, magana kuwa sai ka roƙa. Na zo da zumuɗina ina jiran a ce fassara wannan, fassara wancan, sai mutumin nan ya kife bokiti ya zaunar da ni ina fuskantar katanga. Shi ke nan aikin. Da yamma ya tambaye ni me na gani, na ce meiyo. Washegari ma bokiti. Leburori na wucewa suna ce min sannu da aiki. A rana ta uku ne idona ya fara buɗewa: ga wani wuri da tsakuwa ke ɗan zubowa jefi-jefi, ga wani da ya fi ko'ina duhu don danshi, ga wata tsaga siririya da jiya ban lura da ita ba. Na nuna masa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya karɓe bokitinsa.

A makon nan na fara gane kunne ma yana yaudara. Wani dutse kamar kan mutum ya gangaro, Shifu ya ɗaga murya yana “zo, zo”. Leburori uku suka taho wajensa a guje. Ashe a Sinanci zo na nufin tafi. Sai da na tara kowa na yi shela: in tsohon nan ya ce zo, ku ba wandonku iska. Aka yi ta dariya kwana biyu, ni har da ƙafafa wai na warware matsala.

Injin hudar da kawun Abba yake so, bari in kwatanta muku shi. Kun san murɗaɗɗen ƙarfen nan na cikin injin markaɗe, mai tura tattasai gaba? To shi ne, amma faɗinsa ya kai ƙugun mutum, kuma gaɓa-gaɓa yake, kowace gaɓa ta fi ni tsawo. Ta farko tana da kai mai haƙora. Injin na zaune a gindin katanga yana juya ta tana cin kwal tana shiga. In ta shige, a tsaya, a ɗauko wata da ƙugiya a haɗa, a ci gaba. Kwal ɗin na biyo murɗin yana dawowa baya, ya zubo kan bel, loda ta kwashe. A rami ɗaya sai a tura gaɓa ashirin da wani abu. Ba mai shiga ramin, ko hularka ce ta faɗa ciki ta zama ta kwal. Wato kana huda wuri mai nisan da ba ka gani, ba fitila, ba kyamara a irin namu. Sai kunne da hannu.

A nan Baba Isa ya shigo. Bazazzage ne, dogo, ya fara daga katafila tun ban zo duniya ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana kan manyan injina, bai taɓa jefa ko ɗaya a rami ba, bai taɓa ji wa mutum ciwo ba. Ba shi da takarda ko ta firamare, wannan sunan shi ne takardarsa, da shi kamfanoni ke kiransa daga wannan aiki zuwa wancan, da shi yake riƙe da gida mai baki goma sha ɗaya. Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba. Bakano, ko bawana in yana cikin nishaɗi. Ni ma in ce Baba ai mu ne iyayen gidanku, ya ce in bari sai na iya ɗaure noti tukuna.

Wata rana ina tsaye kusa da shi, injin na tafiya lafiya lau a jina, sai ya kashe. Na ce Baba lafiya? Ya ce in jira. Can bayan minti biyu sai ga abin da ke zubowa kan bel ya koma toka-toka. Kan injin ya kauce ya fara cin dutsen sama, shi kuma ya ji tun a tafin ƙafarsa, don takalmi ɗaya yake cirewa ya dafa ƙarfe. Ya damƙo abin ya murza min a hannu ya ce in haddace. Baƙi mai ƙyalli, kana tsakiya. Toka-toka mai kaushi, ka hau sama, haƙora za su ƙare kuma tartsatsi na iya tashi. Mai danƙo kamar yumɓu, ka nutse ƙasa, in ka matsa gaɓoɓin za su maƙale. Wannan darasin yanzu shafi goma sha ne a littafinmu, da lissafi da zane. Shi a tafin hannu ya ba ni.

Amma duk wannan ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce abin da za ka bari. Tsakanin rami da rami dole a bar kwal a tsaye, shi ne ginshiƙi. In an yi rami goma kuma, sai a bar wani babba mai faɗin rami biyar, ba a taɓa shi har abada. Su ke ɗauke da katanga. Shifu juzi yake ce wa ginshiƙi, kullum juzi, har leburori sun iya. Da safe zai bi jikin kwal da gwangwanin fenti biyu. Farin da'ira, huda. Jan kuros, haramun. Kuma wallahi kamar da gangan, kwal ɗin da ya fi kyau a ido kullum a cikin jan kuros yake. Direbobin tirela su zo su tsaya suna cewa ga kaya nan kuna kallo kuna ce mana mu jira. Baba Isa ya ce musu wannan ba namu ba ne, rabon katanga ne, in ka ci rabonta ita ma za ta ci naka. Abba, ka gaya wa kawu injin shi ne abu mafi sauƙi a harkar. Kowa zai iya sayen injin. Wanda zai hana shi huda inda yake so ya huda, shi zai fara nema.

Sama ma akwai aiki, kuma shi kowa ke gudu don rana. A bayan leɓen katanga ƙasa kan tsage. Kowace tsaga sai a kafa mata turke biyu, ɗaya nan ɗaya can, a auna tsakaninsu safe da yamma. A kan dutse kuma Shifu kan manna siririn gilashi da siminti ya haye tsagar, in wuri ya motsa ko kaɗan gilashin zai faɗa maka. Sai cusa laka a tsagogi don kar ruwan sama ya shiga, sai gyaran kwata a kewaye. Ƙasa kuma duk ramin da aka gama a toshe bakinsa da ƙasa a daddanne. Nura, kai da ka ce Allah ya riga ya ƙona shi, kwal in iska ta same shi a cikin rami, da kansa yake kama wuta. Wata Babbar Sallah muka bar rami ɗaya a buɗe don sauri, muka dawo muka tarar yana huci, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kwana huɗu muna binne shi.

Masu saye kala-kala ne. Akwai maƙera, su kan zo da babur da buhu biyu, su dunƙule-dunƙule suke so, namu kuwa injin ya riga ya farfasa. Sai su zauna a gefen tsibi suna tsince kamar masu tsintar wake. Akwai wata Inna mai haɗa garin kwal da kokon rogo tana dunƙulawa tana sai wa masu abinci, ita ƙurar da kowa ya raina take so, kuma ba ta zuwa hannu rabbana, ko dafaffiyar gyaɗa ce sai ta riƙo mana. Masu gasa bulo ba ruwansu, komai aka ba su wuta ce. Manyan su ne 'yan siminti, su ke turo tireloli, kuma in suka ga toka-toka a cikin kaya sai su maido. Direbobinsu kuwa in suka yi layi, su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, su kafa shayi, su sa ka a gaba. Da yake ni ne mai baki biyu, duk ƙorafi kaina yake ƙarewa. Tafinta gaya wa ɗan Sin ɗin nan muna da iyali. Tafinta ko sai mun yi gemu a nan.

Shekara ta uku damina ta zo da ƙarfi. Mun kai kusurwar gabas, inda katanga ke tsattsafo da ruwa ko da rani. Aka yi kwana uku ana tafka shi ba tsayawa, taɓo ya gangaro ya shafe jikin kwal, fari da ja duk suka tafi. Shifu kuma zazzaɓin sauro ya kwantar da shi a masauki, tafiyar rabin awa a mota. Da rana ta fito tirela tara ce a layi. Mun yi rami shida daga babban ginshiƙi na baya, a lissafin da muka saba saura huɗu kafin na gaba. Na ce Baba mu ci gaba. Ya tsaya yana kallon wurin da taɓo ya rufe, ya ce shi fa kamar idonsa ya taɓa ganin ja a nan, in kira tsohon.

Na kira. Muryarsa can ƙasa, ga tari. Na ce Shifu mun gama na shida, gefensa fa?

Ya ce, “Mei ju.”

Ju dai na san guntun juzi ne, ginshiƙi. Mei kuwa ai babu ce, ni da na yi shekara huɗu a Kwari. Don in tabbatar har na maimaita masa, “Mei ju?”

Ya ce ƙwarai, mei ju. Ya kashe waya.

Na juyo na ce Baba ya ce babu ginshiƙi a nan.

“Anya, Bakano?”

“Baba da kunnena na ji, har sau biyu.”

Ya ƙara kallon katangar, ya ce to, tunda mai fenti ya faɗa. Ya cire takalmi ɗaya ya tayar da injin.

Kar ku ce ban san mei na nufin kwal ba. Na sani mana, shekara biyu da rabi ina cikinsa. Kalma biyu ce masu sauti ɗaya sak, ko ɗan China ba ya bambance su a kunne sai da abin da ke kewaye da su. Ni dai ban taɓa jin an haɗa ta da ju ba, kullum juzi nake ji. Tsohon kuwa saboda ruwan da ke kusurwar ya rage lissafi daga goma zuwa shida, ya yi jan kuros ɗinsa tun kafin ruwan sama, bai gaya wa kowa ba, don shi a ganinsa fenti ya isa magana. Abin da yake ce min shi ne, nan ginshiƙin kwal ne. Ni kuma ga tirela tara a bayana, kunnena ya ɗauko wadda ta fi masa daɗi.

Kwal ɗin da ya fito ranar, gayu, ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙi wuluk, yana ƙyalli, ba ɗigon toka. Direbobi suna ta sai Tafinta, wani har ya miƙo min shayi. Muka gama na bakwai, washegari muka shiga na takwas. Da azahar sai bakin tsofaffin ramukan ya fara tofo ƙananan ɓarɓashi, tas, tas, kamar ana gugguru. Baba Isa yana da wata sanda da ya yanka daidai tsayin rami. Da safe ya tsayar da ita a bakin na shida ta shiga. Da la'asar ta ƙi. Ramin da yake da'ira ya fara komawa kamar ƙwai a kwance. Ya kashe injin ya ce yau an tashi, gobe ko a katifa a ɗauko masa Shifu.

Da safe aka kawo shi a gaban motar ɗaukar kaya, da rigar sanyi har biyu. Ya sauka ya dubi rami na bakwai da na takwas. Ya sa aka hau da shi sama, na bi shi. Gilashi uku duk sun karye. Turakun da jiya yatsa ɗaya ke tsakanin alamarsu, yau uku. Ruwan da ke tsattsafowa kuma ya ɗauke ɗif, wanda ke nufin ya samu wata hanya a ciki. Muka sauko, ya ɗaga hannu ya ce zo. Wannan karon ba wanda ya nufo shi.

Matsalar, gaɓa ashirin da biyu na cikin rami na takwas. Zaro su aikin rabin yini ne. Baba Isa ya ce in gaya wa tsohon a ba shi awa uku, shi kaɗai, kowa ya fita. Shifu ya ce a kwance a bar su. Baba ya ce bai taɓa barin ƙarfe a baya ba. Shifu ya nuna masa sama da gorar shayinsa, daidai lokacin wata tsakuwa ta gangaro ta bugi rufin injin. Baba Isa ya ɗauki guduma da kansa ya fitar da fin ɗin da ya haɗa injin da gaɓoɓin. Ya hau ya ja shi baya. Injin nan tafiyar kunkuru gare shi, minti arba'in ya ɗauka kafin ya fita inuwar katanga, mu muna nesa muna kallo, shi kuma ko waiwaye.

Ba ranar katangar ta sauko ba. Sai washegari bayan la'asar, muna zaune can ɗaya gefen ramin. Ba wata ƙara mai tsanani da farko. Leɓen sama ne ya ɗan sunkuya, kamar mai gyangyaɗi, sai duk kusurwar ta zame ta zauna. Ƙura ta tashi, ta lafa. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane, Alhamdu lillahi. Amma ta tafi da burtali da kunya biyu na dawar wani bawan Allah, ta binne gaɓoɓinmu, ta binne duk sauran kwal ɗin gabas da muke sa ran ci har rani. Wata biyu injin na zaune kafin sababbin gaɓoɓi su iso. Leburori rabi aka sallama zuwa lokacin. Inna mai dunƙule ta zo sau biyu ta koma da buhu wayam.

Kwana uku da faruwar abin babban laoban mai kwangila ya iso. Ofis ɗinmu kwantena ce da fanka ɗaya. Mu huɗu a ciki: shi, Shifu, Baba Isa da hularsa a gwiwa, sai ni a tsaye a tsakiya. Laoban ya tambayi Shifu ko an yi alama a wurin. Ya ce an yi, ja, ruwa ya wanke. Ya ce to da ruwa ya wanke fa? Shifu ya ce an kira shi a waya, kuma ya faɗa ƙarara, mei ju. Laoban ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji magana mai ma'ana, ya ce to ashe an ce wa direba ginshiƙi ne ya huda.

A nan ne kalmar ta juyo ta kalle ni.

Su biyun sun gama yanke hukunci. A ganinsu ni na isar da saƙo daidai, tsohon direba ne ya biye wa 'yan tirela. Laoban ya nuna Baba Isa, ya nuna ƙofa, ya ce in gaya masa ya tattara kayansa, kuma duk kamfanin da ya tambaya za a faɗi abin da ya yi. Ku lura fa, a ɗakin nan ba mai jin abin da ɗaya ɓangaren ke cewa sai ta bakina. Baba bai san me Shifu ya ce ba. Shifu bai san me na ce wa Baba ba ranar. Ko me na faɗa ya zauna.

Na ciro waya. Kun san yadda allon Sinanci yake, ka rubuta mei da boko, haruffa su jero a sama. Na miƙa wa Shifu na dangwala na farko, mai ɗigon ruwa uku a gefen hagu, wanda ke cikin meiyo. Na ce wannan na ji, wannan na gaya wa Baba, kuma sai da ya yi min musu. Shifu ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sai ya matsar da yatsa gaba kaɗan ya dangwala wani, mai alamar wuta a gefe. Kwal.

Laoban ya karɓi wayar ya duba wannan ya duba wancan. Daga nan ya buɗe wuta, kalmomin da ba a sayar da su a Kwari. Na tsaya na sha. Da ya tsagaita, Shifu ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji a bakinsa. Ya ce shekara biyu yana ce wa yaron nan juzi, ranar da ta fi muhimmanci ya canza kalma, kuma ya canza lissafi bai gaya wa direbansa ba. Ya ce in za a kori wanda ya tsayar da injin da kansa kafin kowa ya gane, to shi ma a sai masa tikiti.

Aka tsaya a haka. Baba Isa na nan a kan injinsa. Duk umarnin da ya shafi katanga daga ranar sai an zana a takarda an ɗau hoto, ba a karɓar na baki. Ni kuma an cire ni daga ƙasa, an tura ni sama wajen turaku da gilashi har ƙarshen shekara, safe da yamma, ni da rana. Leburori suka samu abin yi, ko ruwan sha na ce babu sai wani ya ce Tafinta, na wuta ko na ruwa?

Da muka fito daga kwantenar Baba Isa ya sa hularsa, muka jera har gindin wata bishiyar kanya. Ya ce Bakano me suka ce. Na ce sun ce gobe ka fito da wuri, a duba injin. Na ce kuma Baba ni ne na ji ba daidai ba, tsohon cewa ya yi a bari.

Ya ce ai ya gane tun da ya ga na ciro waya.

“Ni ba na jin Sinanci, amma ina jin yatsa. Yatsan nan ƙofa ya nuna min.”

Ya ɓalle goro ya ba ni rabi, abin da bai taɓa yi ba.

“Gobe in za ka hau sama ka nemi malafa, Sadiƙu. Ranar can ba irin ta kasuwa ba ce.”